Bak: Tsofaffin takardun lissafi na ceton wanda ya yi su, suna yaudarar wanda ya karanta su kawai

Daga watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Yamai, Tawa da Maraɗi, ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wato terminal, kan shiga wani hali da duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Bak ya sani. Ana ganin su da dare a ƙarƙashin fitilun titi, ko a harabar makaranta bayan an tashi, ko a zauren da aka jingina allo da bango, mutum uku ko huɗu, alli a hannu. Masu shagunan fotokofi da ke kusa da manyan lise, irin su Issa Korombé a Yamai, Dan Baskoré a Maraɗi, Amadou Kouran Daga a Damagaram da Agabba a Tawa, su ma lokacin ne kasuwarsu ke buɗewa.

Abin da aka fi nema shi ne tsofaffin tambayoyin Bak na lissafi tare da amsoshinsu, waɗanda ɗalibai ke kira korije. Ana kwafar su, ana tura su ta WhatsApp, ana gadon su daga yayye. Sai dai kuma ɗalibai biyu kan riƙe takardu iri ɗaya tsawon wata uku, ɗaya ya fito da maki 14, ɗaya ya fito da 5. Bambancin yana cikin abin da kowannensu ya yi da takardar, kuma babu darasin da ke fallasa wannan bambanci kamar wanda ake kira fonksiyo resiprok.

Me ya sa lissafi ke yanke hukunci

A duk shekara, idan hukumar OBEECS mai shirya Bak ta fitar da sakamako, gidajen da ake jaje sun fi gidajen da ake guɗa yawa. A shekaru da dama na baya-bayan nan, kimanin mutum ɗaya cikin uku ne, ko ƙasa da haka, ya samu jarrabawar. Wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 cikin 20 ya haye tun zagayen farko, wanda ya kusa ana ba shi damar zagaye na biyu, saura kuwa sai baɗi. Daga maki 12 ne ake fara samun mansiyo, kuma sakamako mai kyau na daga cikin abubuwan da ke buɗe ƙofar tallafin karatu na hukumar ANAB da ta makarantun da ake rububinsu, kamar sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar injiniyoyi ta EMIG.

Ga ɗaliban seri C da seri D, lissafi na cikin darussan da suka fi nauyi a ƙidayar maki. A ɗauka, a matsayin misali, nauyin darasin 5 ne, ɗalibi ya samu 6 cikin 20. Ya gaza 10 da maki 4, idan aka ninka sau 5 ramin ya zama maki 20. Kafin ya cike wannan rami da wani darasi mai nauyin 2, sai ya samu 20 cikin 20 a cikinsa, abin da ba kasafai ake gani ba. Shi ya sa ɗalibin da ya iya Faransanci da tarihi ƙwarai zai iya faɗuwa saboda takarda guda.

Faɗuwa kuma ba ta tsayawa a kan ɗalibi. Akwai kuɗin wata shekarar a makaranta mai zaman kanta, akwai kuɗin mushen da ke zuwa gida, akwai yayan da ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya, ko mai talla a Abijan, wanda ke aiko da kuɗin. Ga ƴan mata da yawa, faɗuwa sau ɗaya ko biyu kan zama dalilin da dangi ke kawo maganar a bar karatun haka nan.

Tarkon korije

Yadda mafi yawan ɗalibai ke amfani da tsohuwar takarda sananne ne. Mutum ya karanta tambaya, ya ɗan yi shiru, ya juya shafi ya duba amsa. Kowane layi na amsar yana bin na gabansa daidai, sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane, ya wuce tambaya ta gaba. A dare ɗaya zai iya gama takardun shekara uku ta wannan hanya, ya kwanta yana jin ya yi aiki.

To amma gani ga wane bai isa ba a nan. Bin sawun wanda ya riga ya share hanya daban yake da share hanyar da kanka, kuma ranar jarrabawa farar takarda ce kawai za a ajiye a gaban ɗalibi. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu sun gwada wannan. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke Saint Louis a Amurka sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, waɗanda suka wahala wajen tunowa ne suka yi nisa. Ma'ana, hanyar da ta fi daɗi a daren karatu ita ce ta fi saurin gushewa.

A lissafi abin ya fi muni, domin masu tsara jarrabawa ba sa maimaita lambobi. Suna maimaita hanyar tunani ne, su sauya fonksiyo. Wanda ya haddace amsar wata shekara zai gane siffar tambayar idan ya gan ta, ya yi murna, sannan ya kasa rubuta layi na biyu.

Lissafin da ƴar kasuwa ke yi kullum

Fonksiyo ƙa'ida ce da ke karɓar lamba ta ba da wata lamba. Fonksiyo resiprok, wadda za a iya kira mai mayarwa, ita ce ƙa'idar da ke karɓar sakamakon ta mayar da kai inda aka fito. Ɗalibai da yawa na jin tsoron ta, alhali iyayensu mata na yin ta kullum a kasuwa.

A Nijar da dala muke ciniki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai tumatir ta ce dala 40, mai saye ya san sefa 200 ke nan: ya ninka sau 5. A rubuce, f(x) = 5x. Idan kuma an rubuta 750 a jikin kwalin kaya, mai shago zai gaya wa tsohuwa dala 150: ya raba gida 5. Wannan komawar ita ce resiprok, ana rubuta ta f⁻¹(y) = y/5.

Ƴan uwanmu da ke Turai na yin irin wannan lissafi duk ƙarshen wata. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, farashin da ba ya motsi. Tambayar "idan na aika yuro 100, nawa za a karɓa?" tambayar f ce. Amma tambayar da aka fi yi ita ce ta biyu: "Baba na bukatar jika 50, yuro nawa zan aika?" A nan sai a raba 50 000 da 655,957, a samu kimanin yuro 76,22. Idan aka ɗauka za a cire jika 2 na ladan aike kafin kuɗin su isa hannu, ƙa'idar ta zama f(x) = 655,957x − 2000. Wajen komawa, sai a fara mayar da jika 2 ɗin, sannan a raba: 52 000 a raba da 655,957, kimanin yuro 79,27. Abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara kwancewa, kamar rawani, inda aka ƙare naɗi nan ake fara warwara.

Sai dai ba kowace ƙa'ida ke da hanyar komawa ba. A ɗauki f(x) = x². Lamba 3 na ba da 9, lamba −3 ma na ba da 9. Idan aka miƙa wa mutum 9 aka ce ya faɗi inda aka fito, yana da amsa biyu, don haka ba shi da amsa. Kafin a yi maganar resiprok, dole kowane sakamako ya kasance yana da asali ɗaya tak. Wannan sharaɗi ne ake kira bijeksiyo, kuma a kansa ne rabin makin tambayar ke rataye.

Yadda tambayar ke zuwa a takarda

A mafi yawan lokuta takardar lissafi kan ƙunshi gajerun tambayoyi a kan darussa irin su lambobin kompleks, lissafin yiwuwa ko jerin lambobi, sannan babbar tambaya ta ƙarshe, problem, wadda ke bin diddigin fonksiyo guda: iyakokinta, deribe ɗinta, tablon hawa da saukarta, zanenta. A tsakiya ko wajen ƙarshen wannan babbar tambaya ne resiprok kan ɓullo, kusan kullum da matakai iri ɗaya: a nuna cewa akwai ta, a faɗi tazarar da take aiki a kai, a lissafa deribe ɗinta a wani wuri, a zana ta.

Ga misali. A ɗauki g(x) = x² − 4x + 1 a kan tazarar da ta fara daga 2 zuwa sama. Deribe ɗinta 2x − 4 ne, wanda ya fi sifili da zarar x ya wuce 2. Ke nan g hawa kawai take yi, kuma zanenta ba ya tsinkewa. Ƙa'idar da ke cikin littafi ta ce fonksiyon da ba ta tsinkewa, mai hawa kawai ko sauka kawai a kan wata tazara, bijeksiyo ce daga wannan tazara zuwa tazarar sakamakonta. Tunda g(2) = −3, kuma g na ci gaba da hawa ba iyaka, tazarar sakamakon ta fara daga −3 zuwa sama.

Don samo ƙa'idar komawa, sai a rubuta y = (x − 2)² − 3, a kwance daga ƙarshe: a ƙara 3, a ɗauki saiwa, a ƙara 2. Sakamakon shi ne x = 2 + √(y + 3). An zaɓi saiwa mai alamar ƙari saboda x bai gaza 2 ba. A gwada: g(5) = 6, kuma 2 + √9 = 5. An dawo gida. Lura cewa g(−1) ma 6 ne, amma −1 ba ya cikin tazarar da aka bayar, shi ya sa aka taƙaita ta tun farko.

Wani lokaci kuma ba a iya rubuta ƙa'idar komawar da alamomin da ake koyarwa a lise. A ɗauki f(x) = x + ln x, inda x ya fi sifili. Tana hawa kawai, ba ta tsinkewa, tana tasowa daga can ƙasa ba iyaka zuwa can sama ba iyaka, don haka resiprok ɗinta na nan. Amma duk wanda ya zauna yana ƙoƙarin ware x daga y = x + ln x zai ƙarar da rabin awa a banza. Tambayar ba ta neman haka. Tunda f(1) = 1, kuma f′(1) = 2, deribe na resiprok a 1 shi ne 1/2. Zanen kuma ana samun sa ne ta hanyar kifa zanen f a kan layin y = x, kamar an naɗe takarda a kan layin: duk wurin da ke (a ; b) ya koma (b ; a). Haka ln da exp suke, kowace madubin ɗaya ce.

Inda maki ke zubewa

Kuskure na farko shi ne ɗaukar f⁻¹ a matsayin 1/f, saboda ƙaramin −1 da ke sama. Misalin dala ya isa ya kashe wannan ruɗu. Sefa 200 dala 40 ce, wannan shi ne f⁻¹(200). Amma 1/f(200) shi ne 1 a raba da 1000, wato 0,001, lambar da ba ta da ma'ana a wajen mai tumatir.

Na biyu, rubuta rabin sharaɗi. Ɗalibi ya ce fonksiyo na hawa, ya manta bai ce ba ta tsinkewa ba, ko ya ce bijeksiyo ce bai faɗi daga wace tazara zuwa wace ba. A ransa ya san amsar, amma mai gyara yana bin rabon makin da aka ba shi ne, abin da ba a rubuta ba kuwa babu shi.

Na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne wurin da ake lissafa deribe. Dalilin ƙa'idar mai sauƙi ne: idan kowace dala na ƙara sefa 5, to kowace sefa na ƙara kashi ɗaya cikin 5 na dala. Saurin komawa kishiyar saurin zuwa ne. Sai dai dole a auna saurin zuwan a wurin da aka taso. A misalin g na sama, deribe na resiprok a 6 shi ne 1 a raba da g′(5), domin 5 ne ya haifi 6, amsar ita ce 1/6. Mai gaggawa zai sa 6 a cikin g′, ya samu 1/8, ya rasa makin. Haka kuma a inda g′ ta zama sifili, kamar a x = 2, resiprok ba ta da deribe a −3, kuma layin da ke shafar zanenta a wurin a tsaye yake cak.

Na huɗu, zane. Idan ba a ɗauki ma'auni ɗaya a layin kwance da na tsaye ba, naɗe takarda a kan layin y = x ba zai ba da zanen resiprok ba. Wasu kuma kan bar zanen sai ƙarshe, lokaci ya ƙare, alhali maki ne masu sauƙin samu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai da mai karanta korije zai gano yana yi, domin korije ba ya kuskure a gabansa. Sai wanda ya rufe amsa, ya rubuta 1/8 da hannunsa, ya buɗe ya ga 1/6, ya nemi dalili, shi ne ba zai sake faɗawa wannan rami ba.

Yadda ake cin moriyar tsohuwar takarda

Matakin farko shi ne raba tambaya da amsa. A cire shafukan korije a ba wani ya ajiye, ko a naɗe su a sa a ƙasan akwati. Duk tambayar da aka ɗauka, a ba ta aƙalla minti 20 na ƙoƙari na gaskiya, da bik da takarda, kafin a duba. Idan an cije, a duba layi ɗaya kawai, a rufe, a ci gaba. Idan an gama, a ajiye tambayar kwana uku ko huɗu a sake yin ta daga farko ba tare da leƙe ba. Wannan karo na biyu ne ke nuna ko an koya.

A watannin farko ya fi kyau a bi darasi darasi. A tattaro duk tambayoyin resiprok na shekara biyar ko shida a yi su a jere, nan take mutum zai ga matakan nan huɗu na dawowa da riga daban-daban. Idan jarrabawa ta rage kamar wata biyu, sai a koma yin cikakkiyar takarda, aƙalla sau ɗaya a mako, cikin adadin awannin da aka rubuta a samanta, a zaune wuri ɗaya, waya a kashe. Zama na tsawon awanni a kan lissafi abu ne da jiki ke koya, kuma gara a yi gwajin da safe, a lokacin da ake yin jarrabawar, maimakon tsakar dare. Bak na gwaji da makarantu ke shiryawa dama ce ta irin wannan, bai kamata a ɗauke shi wasa ba.

Sai kuma kayen kurakurai. Ƙaramin kaye ne da ba a rubuta komai a ciki sai inda aka faɗi: tambayar, abin da aka rubuta, abin da ya kamata, da dalilin a jimla ɗaya. Bayan wata guda ɗalibi zai tarar kurakuransa ba su da yawa, guda biyar ko shida ne ke ta maimaita kansu, wataƙila alamar ragi da ke ɓacewa wajen buɗe baka, wataƙila iyakar ln a kusa da sifili. Wannan kaye ne ya kamata a karanta a makon ƙarshe.

Ƙungiyar karatu na da amfani idan ba ta wuce mutum huɗu ko biyar ba, kuma idan alli na zagayawa. Inda gwani ɗaya ke tsaye a allo kullum saura na kwafa, gwanin ne kaɗai ke shirin jarrabawa. Kowa ya zo da ƙoƙarinsa daga gida, wanda ya fi rauni a darasin ya fara hawa allo, saura su tare shi da tambaya: me ya sa ka zaɓi alamar ƙari, daga ina −3 ta fito. Wanda ya iya bayyana wa abokinsa resiprok da Hausa ko Zabarmanci, da misalin dala ko na awon hatsi, ya riƙe ta. Bayan haka sai ya zauna ya rubuta ta da Faransancin da jarrabawa ke nema, domin wannan ma aiki ne na daban.

Takardar wace ƙasa?

Idan takardun Nijar sun ƙare, na maƙwabta na da amfani. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun daɗe da daidaita manhajar lissafinsu, kuma daga wannan aiki ne littattafan CIAM suka fito, ƙarƙashin jagorancin masanin lissafi Saliou Touré ɗan Kodibuwa. Don haka tambayoyin Bak na Burkina Faso, Benin, Togo ko Kodibuwa ba sa nisa da namu, ko da yake kowace ƙasa na da salonta. Ya kamata a nuna wa mushe takardar ya tabbatar babu darasin da ba ya cikin manhajar bana.

Takardun Faransa da suka cika intanet kuwa sai da lura. Faransa ta soke seri S, ES da L, kuma tun Bak na 2021 ɗalibanta na zaɓar darussa ne a sabon tsari, don haka abin da ake tambaya can bai zo ɗaya da namu ba.

Waɗanda ke da niyyar tsallakawa Najeriya karatu, kamar yadda matasan Maraɗi, Ƙonni da Damagaram da dama ke yi zuwa Katsina, Sakkwato, Kano ko Zariya, za su tarar lissafin ɗaya ne amma rubutun ya bambanta. Inda muke sa waƙafi a 76,22 su ɗigo suke sawa. Tazarar da muke rubutawa ]0, 1[ su (0, 1) suke rubuta ta. Jarrabawar JAMB kuma ta zaɓen amsa ce a kwamfuta, inda sauri ya fi tsara hujja muhimmanci. Wanda zai zauna jarrabawa biyun sai ya yi tsofaffin takardun kowace daban.

Waya: mataimaki ko ɓarawon lokaci

Manhajar GeoGebra kyauta ce, kuma tana zana fonksiyo nan take. Ɗalibin da ya gama zanensa da hannu zai iya shigar da x + ln x ya gwada da nasa, ya ƙara layin y = x ya ga yadda madubin ke aiki. Manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su ba da amsa, da masu hira irin su ChatGPT, korije ne da ba ya ƙarewa, kuma tarkonsu iri ɗaya ne, ga shi wani lokaci suna ba da amsar da ba daidai ba cikin kyakkyawan lafazi. Amfaninsu na zuwa bayan an yi ƙoƙari, don neman bayanin mataki guda da aka kasa ganewa.

Idan jarrabawa ta matso, saƙonni kan fara yawo a WhatsApp da Facebook na masu cewa suna da tambayoyin bana, a turo kuɗi. Wanda ya biya ya yi asarar kuɗi, ya yi asarar daren da ya kamata ya yi barci, idan kuma aka kama shi da abin da ya shafi satar jarrabawa, hukuncin na iya raba shi da Bak ɗin baki ɗaya.

Ga ƴan uwa da ke waje

Mai aiko da kuɗin karatu daga Tarabulus, Akara, Legas ko Faris ba ya ganin abin da ƙanensa ke yi da dare, amma yana iya sauya tambayar da yake yi masa a waya. "Kana karatu?" amsarta kullum e ce. Tambayar da ke da amfani ita ce takarda nawa ya yi wannan mako ba tare da duba amsa ba, maki nawa ya ba kansa, wane kuskure ne ya fi dawowa. Ana iya cewa ya turo hoton shafin da ya yi da hannunsa. Ko wanda bai yi lise ba zai bambance shafin da aka yi ta gogewa da sokewa da wanda aka kwafa tsaf.

Haka ma wajen mushen da ake biya ya zo gida. Idan awa biyun na ƙarewa shi ne a allo yaro na kallo, kuɗin na tafiya ne a kan wani korije mai magana. Ya kamata a nemi ya riƙa ba da aiki, ya karɓa ya gyara da jan bik kamar yadda za a yi a Bak. Wani lokaci kuma abin da ɗalibi ya fi bukata bai kai kuɗin mushe ba: fitila mai aiki da hasken rana saboda ɗaukewar wuta, ƙaramin allo da kwalin alli, kuɗin fotokofi. Ga ƴan mata, babbar gudummawa ita ce a yi magana da mutanen gida a rage musu girki, wanki da ɗiban ruwa a watanni biyun ƙarshe, domin awanni uku a jere ba tare da an kira sunan mutum ba su ne abin da babbar tambaya ke bukata.

A ranar jarrabawa, a karanta takardar duka kafin a fara, a soma da tambayar da aka fi ƙarfi a kai. A cikin problem, idan an kasa nuna wani mataki, an yarda a ɗauki sakamakon da tambayar ta bayar a ci gaba da shi zuwa mataki na gaba, don haka cijewa a wuri ɗaya ba dalilin barin sauran ba ne. Idan an samo ƙa'idar resiprok, a ɗauki lamba guda a tura ta cikin f, a mayar da sakamakon ta f⁻¹. In ta dawo yadda ta tafi, amsar daidai ce, kuma gwajin bai wuce minti ɗaya ba.